Sojan da ya dawo da ciwo: wa ya kamata ya kawo hujja?

Babu ma'aikacin da gwamnatin Najeriya take bincikar lafiyarsa kafin ta ɗauke shi kamar kurtun soja. Kafin yaro ya taka ƙofar Dafo a Zariya sai an tuɓe shi, an auna tsayinsa, an duba ido da kunne da haƙori, an ɗebi jini da fitsari, an sa shi gudu har sai an ga inda numfashinsa ya tsaya. Mai 'yar gwame a ƙafa ma gida ake mayar da shi. Duk wanda ya tsallake wannan siraɗi, ya sha horon wata 6, ya fito da lamba da kaki, to hukuma da kanta ta shaida cewa lafiyarsa ƙalau ranar da ta karɓe shi daga hannun iyayensa.

Bayan shekara 15 ko 20 sai ga mutumin nan ya dawo gida. Kunne ɗaya ya daina ji, baya ba ya miƙuwa, barci ya ƙaurace masa. Idan ya tashi neman diyya, abin da zai fara cin karo da shi shi ne: ina takardar da ta nuna a bakin aiki ka samu wannan ciwo? A ganina an juya tambayar nan baibai. Hukumar da ta karɓe shi da lafiyarsa, ta tura shi inda ta ga dama, kuma fayil ɗinsa yana hannunta, ita ya kamata ta kawo hujja in tana ganin ciwon ba a wajenta ya samo shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, wato ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ana taruwa a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni, a yi fareti, a saki tantabaru, manya su sayi tambarin tunawa da kuɗi masu kauri a gaban kyamara. Ba na raina wannan. Sai dai matattu sun fi sauƙin girmamawa, tunda ba sa zuwa ofis da leda cike da takardu. A Disambar 2024, da kuma Janairun 2025, tsofaffin sojoji masu rai sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja, suka hana shiga da fita, a kan bashin ƙarin fansho da wasu alawus-alawus da suka ce an riƙe musu. A lura, fansho ne fa, haƙƙin da babu gardama a cikinsa, lissafin shekaru ne da muƙami kawai. In abin da ba a jayayya a kansa sai dattawa sun yini a rana kafin a saurare su, ina ga wanda sai an yi musu da likita?

Mutane da yawa suna haɗa fansho da diyyar nakasa su ɗauka abu ɗaya ne. Fansho ladan shekarun da ka yi ne. Diyyar nakasa kuwa ramuwar abin da aikin ya ci a jikinka ne. Samanja da ya yi shekara 30 a ofishin albashi ya fita garau, da faraɓiti da nakiya ta tashi da motarsu a shekararsa ta 6, in lissafin shekaru kaɗai za a bi, na farkon ya fi na biyun nesa ba kusa ba. Alhali na biyun shi ne ba zai ƙara iya noma ba, ba zai iya acaɓa ba, kuma yana da shekara 40 ko 50 a gabansa in Allah ya ja kwana.

Kada a ce na yi wa hukuma ƙazafi, tsari yana nan a takarda. Dokar fanshon sojoji ta san da nakasa. Akwai kwamitin likitocin soja da ke duba mutum ya yanke ko zai iya ci gaba da aiki. Akwai Hukumar Fanshon Soja a Dutsen Alhaji da ke Abuja, akwai DHML mai kula da inshorar lafiyar sojoji da waɗanda suka yi ritaya, akwai babban asibitin soja na 44 a Kaduna inda ake kai waɗanda suka ji rauni daga arewa maso gabas. Can ne Yarima Harry na Ingila ya ziyarta a watan Mayun 2024, bayan da Najeriya ta shiga wasannin Invictus na sojojin da suka nakasa a 2023, har ta ciyo zinare a ɗaga nauyi. Wanda ƙafarsa ta guntule, ko harsashi ya bar masa tabo, ba ya bukatar dogon bayani, jikinsa ne takardarsa. Damuwata tana kan ɗaya rukunin, waɗanda in ka gan su a kasuwa ba za ka ce da abin da ke damunsu ba.

Ɗauki mai harba igwa. Shekara da shekaru yana tsaye kusa da bututun da ke girgiza ƙasa, ba kullum da abin toshe kunne ba. Kurumtarsa ba rana ɗaya ta zo ba, balle a ce ga ranar da za a rubuta. A hankali ta riƙa shigowa: yau ƙara ce kamar ta gyare a cikin kunne, gobe sai ya juyo da ɗaya gefen kafin ya ji magana, jibi matarsa na cewa ya cika ɗaga murya. Haka ciwon baya da gwiwa ga wanda ya yi shekaru yana tafiya da sulke da hular kwano da akwatin harsashi a cikin rairayi. Haka wanda bam ɗin gefen hanya ya tashi kusa da motarsu a hanyar Damboa ko ta Monguno, bai zubar da jini ba, ya ɗan suma ya farfaɗo, aka ce masa Allah ya kiyaye. Likitoci sun san cewa girgizar fashewa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da ta fasa fata ba, sai daga baya a ga ciwon kai da mantuwa da saurin fushi.

To ina takardar duk wannan za ta fito? Ranar da mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin Metele na jihar Borno a Nuwambar 2018, wa ke zaune da biro yana cike fom ɗin rauni? Sojan da ya tsira daga irin wannan rana, yana ganin gawarwakin abokansa, kunya ma ba za ta bar shi ya je ya ce kunnensa na ƙara ba. In ma ya je, ma'aikacin jinyar da ke gabansa yana fama da masu zubar da jini, Panadol zai miƙa masa ya ce ya koma bakin aiki. Ba mugunta ce ta sa ba, yanayin fagen daga ke nan. Rashin takarda a irin wannan wuri shi ne abin da aka saba, saboda haka tsarin da ya jingina komai a kan takarda ya riga ya kayar da mafi yawan masu gaskiya tun kafin su buɗe baki.

Ciwon da ya fi wuyar sha'ani shi ne na zuciya da tunani. Akwai wani tsohon kofur a unguwarmu, yana gadi a wani shagon kayan gini, mutum mai fara'a, ba ya wuce yara bai tsokane su ba. Wata rana da hantsi muna wajen mai shayi, tayar wata tirela ta fashe a bakin titi. Kafin mu waiwaya mutumin nan yana ƙarƙashin benci, kansa a tsakanin hannuwansa. Samari suka fashe da dariya. Ya fito ya kakkaɓe rigarsa, shi ma ya taya su dariyar, ya ce tsohon hali ne. Amma da ya ɗauki kofin shayinsa sai da rabi ya zube, hannun ya ƙi tsayawa, a ƙarshe ya ajiye ya tafi bai sha ba. Matan unguwa sun san sauran labarin daga bakin iyalinsa: a zaune yake kwana yana fuskantar ƙofa, kuma ba a tashinsa da taɓawa, sai dai a tsaya daga nesa a kira sunansa.

Ka tambayi mutane abin da ke damun irinsa, amsoshin a shirye suke. Wasu su ce jinin da ya zubar ne ke bibiyarsa. Wasu su ce ƙwaya ce, ai duk sojoji haka suke. Wasu su ce iska ce, ko sammu aka yi masa, a kai shi ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, kowane mai ciwo yana bukatarta, kuma ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba. Amma likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga wannan lalura, PTSD suke ce mata, firgicin da ke maƙale wa mutum bayan ya ga mugun tashin hankali. Alamominta sanannu ne: munanan mafarkai, abin da ya wuce ya riƙa dawowa kamar yanzu yake faruwa, zabura da ƙaramin motsi, gudun taro, rashin barci, fushi ba gaira ba dalili. Tana da magani, kuma mutane suna samun sauƙi. Maganar ƙwaya ma sau da yawa an sa keken ne a gaban doki, mutum ya rasa barci ne tukuna, sannan ya nemi abin da zai kwantar da shi.

Ga inda gizo ke saƙar a batun diyya: wannan ciwo yana iya ɓuya. Muddin mutum yana cikin bariki, tare da abokan da suka ga abin da ya gani, da fareti da oda da aikin yau da gobe, sai ya riƙe kansa. Ranar da ya ajiye kaki ya koma ƙauye, dare ya yi tsit, sai abin ya taso. Wanda kwamitin likitoci ya duba ranar sallama ya ce lafiya lau, yana iya zama marar lafiya sosai bayan shekara 3. Ƙari a kan haka, soja mai ci yana da dalilin ɓoyewa. Wa zai je ya ce wa kwamandansa yana kuka da dare? Za a ce rago ne, ko yana neman hanyar gudu daga daji, ko a rubuta a fayil ɗinsa abin da zai hana shi ƙarin girma. Tsarin ya koya masa yin shiru yana cikin aiki, sannan in ya fita a kafa masa hujja da shirun nasa.

Alamu ba su ɓuya ba ga mai son gani. A Agustan 2018 sojoji sun yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, suna harbi sama, suka ƙi a kwashe su zuwa Marte, kokensu shi ne sun yi shekaru a fagen daga ba a canza su ba. A Fabrairun 2020, a Malam Fatori, wani kofur ya buɗe wa abokan aikinsa wuta ya kashe 4, sannan ya kashe kansa. A Maris ɗin 2023 an ga makamancin haka a Rabah ta jihar Sakkwato. Kowanne da dalilinsa da bincike zai nuna, amma rundunar da irin wannan ke maimaituwa a cikinta ba za ta ce ba ta san yaƙi yana taɓa tunanin mutanenta ba. Waɗannan su ne suka fashe a bainar jama'a. Masu yawan suna gidajensu, matansu ne kaɗai suka san halin da ake ciki. Ga shi ƙasar mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, asibitocin tarayya na wannan fanni a Arewa kuwa ana ƙirga su da yatsu, irin su na Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri, da na Kware. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Na san abin da wani malami zai ce, domin an taɓa ce min: ai ƙa'ida ce sananniya a shari'a, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Soja ne ke da'awa, shi zai kawo shaida. Gaskiya ne, amma akwai wata ƙa'idar kusa da ita, cewa abu yana nan a kan asalinsa har sai an tabbatar ya canza. Asalin yaron nan lafiya ne, da shaidar hukuma. Ya shiga hannunta da lafiya, ya fito babu. Tsakanin shigar da fitar, ba shi ke zaɓar inda zai kwana ba, ba shi ke zaɓar abin da zai ɗauka ba, ba shi da ikon cewa ya gaji. To in hukuma ta ce wannan kurumta daga wani wuri ta zo, ita ce ta kawo sabon zance, ita ce mai da'awa. Balle kuma duk shaidun da za a nema, rajistar asibitin bariki, rahoton farmaki, jerin sunayen waɗanda aka tura, suna cikin kabad ɗinta a kulle.

Amurka ta bi ta wannan hanya, kuma ta sha wuya kafin ta koyi darasi, shi ya sa labarinta yake da amfani. A can akwai ma'aikata sukutum ta tsofaffin sojoji. Ana auna nakasa daga kashi 0 zuwa 100, goma-goma, kuɗin wata yana bin ma'aunin. Mai kashi 100, ko ba shi da mata ba shi da ɗa, a 2025 yana karɓar sama da dala 3,800 a wata, babu haraji a kai. A ƙa'ida abu uku ake nema: ciwon da likita ya tabbatar yana nan yanzu, abin da ya faru lokacin aiki, da kuma alaƙar da ta haɗa biyun. Ciwon da aka fi yawan biyan diyya a kansa ba guntulewar ƙafa ba ne, ƙarar kunne ce, wadda ake ba kashi 10.

Wannan na ukun, wato alaƙa, shi ne ya riƙa kayar da mutane. A yaƙin Biyetnam, tsakanin 1962 da 1971, jiragen Amurka sun yi ta feshin sinadaran kashe ganye, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Agent Orange. Sojoji suka dawo, bayan shekaru sankara ta fara kama su. Aka ce kowa ya tabbatar feshin ya taɓa shi, kuma shi ne ya jawo ciwon. Wa zai iya? Sai a 1991 majalisa ta yi doka ta sauya ƙa'idar: in ka yi aiki a Biyetnam a wannan lokaci, kuma kana da ɗaya daga cikin cututtukan da aka jera, an ɗauka aikin ne ya jawo, ba sai ka kawo komai ba. Shekara 20 ke nan bayan an daina feshin, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Abin mamaki, sai aka sake maimaita kuskuren. A Iraƙi da Afganistan, sansanoni sun riƙa ƙona shara a manyan ramuka, robobi da batura da sharar asibiti, ana zuba musu man jirgi, sojoji na shaƙar hayaƙin dare da rana. Mafi yawan waɗanda suka nemi diyya a kan ciwon huhu aka ƙi su, har sai da Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT ranar 10 ga Agustan 2022, wadda ta ƙara cututtuka sama da 20 a jerin da ba a neman hujja a kansu.

A ɓangaren tunani ma haka. Sai a 1980 likitocin Amurka suka shigar da PTSD cikin kundin cututtukansu. Ko bayan nan, ana tilasta wa tsohon soja ya nemo takardar da ta nuna harin da ya firgita shi ya faru, rana kaza a wuri kaza. A 2010 aka sassauta: in likitan ma'aikatar ya tabbatar da ciwon, kuma labarin ya dace da wurin da mutum ya yi aiki, maganarsa ta wadatar. Suna karɓar rubutacciyar shaidar abokin aiki. Dokarsu ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, a ba tsohon soja rinjaye. Tun 1988 kuma akwai kotu ta musamman da mutum zai kai ƙara in ma'aikatar ta ƙi shi. Wani abu da ya faru a 1973 ya isa ya nuna dalilin duk wannan: gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji a birnin St. Louis, fayil tsakanin miliyan 16 da 18 suka ƙone. Laifin wa? Ba na sojan da ya ba da amana ba dai. Mu da muka san yadda fayil ke ɓata tsakanin tebur da tebur ba tare da gobara ba, mun fi su bukatar wannan ƙa'ida.

Ba aljanna ba ce. A Maris ɗin 2013 takardun neman diyya sama da 600,000 ne suka maƙale fiye da wa'adinsu, kuma har yanzu tsofaffin sojoji sama da 6,000 ke kashe kansu duk shekara a can. Akwai kuma kamfanonin da ke tatsar tsofaffin sojoji da sunan taya su cike fom. Ba kuɗinsu nake cewa mu kwaikwaya ba, ba mu da shi. Ƙa'idar nake nufi, ita kuwa kyauta ce.

Za a ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai zo ya ce yana mafarki. Za a samu masu ƙarya, babu shakka. Amma kurumta da na'ura ake auna ta, lalacewar ƙashin baya hoto ke nuna ta, likitan ƙwaƙwalwa kuma aikinsa ke nan ya bambance. Abin da nake cewa a sauke wa soja shi ne nauyin tabbatar da inda ciwon ya samo asali, ba nauyin nuna cewa ciwon yana nan ba. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, babbar satar fansho a ƙasar nan ba a layin tsofaffi aka yi ta ba. Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora ya gyara fanshon ma'aikatan farar hula, shi kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 8 a 2021. Wanda ke tsoron ɓarayi ya sa ido a kan ofis, ya daina wahalar da gurgu.

Batun kuɗi kuwa, a fara da kaɗan. Runduna ta san wanda ta tura ko'ina, domin da jerin sunaye take biyan alawus ɗin fagen daga. Ta san waɗanda suka je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, tun daga 1990, da waɗanda suka je Darfur, da na rundunar Lafiya Dole ta arewa maso gabas da ta koma Haɗin Kai a 2021, da na Hadarin Daji a dazukan Zamfara da Katsina. A ɗauki cututtuka kaɗan da kowa ya san yaƙi ke haifarwa: kurumta da ƙarar kunne, lalacewar baya da gwiwa, raunin ƙwaƙwalwa daga fashewa, da firgici. A ce duk wanda sunansa ke cikin jerin, ya yi wata kaza a wurin, kuma likita ya ga ciwon, shi ke nan, an gama. In hukuma na da ja, ta kawo nata. A yi wa mai fita binciken lafiya mai tsanani irin wanda aka yi masa ranar shiga, a damƙa masa kwafi a hannunsa. A bar ƙofar a buɗe shekaru bayan sallama. A karɓi shaidar mutum biyu da suka kwana rami ɗaya da shi. Wanda aka ƙi kuma ya samu inda zai ɗaukaka ƙara da ba ƙarƙashin hafsoshin da suka ƙi shi ba, da likitan farar hula a zaune. Kuma don Allah a kai binciken manyan biranen jihohi. Mutumin da ba ya iya zama cikin taro, ka ce ya hau mota daga Gaidam ko Illela zuwa Abuja, ya kwana a tasha, ka riga ka hana shi ba tare da ka ce a'a ba.

Akwai kwatancen da tsofaffin sojoji ke yi da ɗaci, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ba. Tun 2016 gwamnati ke gudanar da shirin Safe Corridor, inda ake kai tubabbun 'yan Boko Haram sansanin Malam Sidi a jihar Gombe, a haɗa su da masu ba da shawara kan tunani, da malamai, a koya musu sana'a kafin a sallame su. Ni ba na cikin masu cewa a rufe shi, yaƙi irin wannan ba ya ƙarewa da harsashi kaɗai. Amma shirin ya nuna gwamnati ta yarda cewa wanda ya fito daga dajin nan yana bukatar a gyara masa tunani kafin ya koma cikin mutane. Dajin ɗaya ne. Wanda ya shiga da izinin hukuma bai kamata ya samu ƙasa da wanda ya shiga don ya yaƙe ta ba.

Wannan rashin adalci ya girme mu. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a lokacin yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 da ta 82, takardun Ingila sun nuna kuɗin sallamar da aka ba soja baƙar fata bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ba farar fata mai muƙami ɗaya da shi ba. A Accra ta ƙasar Ghana, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi maci don neman haƙƙinsu, aka harbe uku. Faransa kuwa ta daskarar da fanshon sojojin da ta ɗiba daga Nijar da sauran ƙasashen da ta mulka a kan farashin ƙarshen shekarun 1950, ba ta gyara ba sai bayan kusan rabin ƙarni. Wancan mun ce Bature ne. Na yanzu namu ne, kuma yaron da ke tsaye a shingen bincike yau yana kallon yadda ake yi da wanda ya riga shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saura rukuni biyu da ba a cika ambata ba. Na farko waɗanda aka kora. Sojan da firgici ya sa ya tsere daga bakin aiki, ko ya faɗa shaye-shaye, ko ya ɗaga wa na gaba da shi murya, hukuncinsa kora, kuma kora tana tafiya da haƙƙoƙinsa. Ciwon da aiki ya jawo shi ne ya zama dalilin hana shi magani. A 2014 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ba da umarnin a sake duba irin waɗannan sallama da sassauci in akwai alamar PTSD. Mu ma mun taɓa yin makamancinsa, a 2015 rundunar sojan ƙasa ta mayar da sojoji 3,032 da aka kora a kan laifukan fagen daga, bayan an sake duba shari'unsu. Abin da ya rage shi ne a sa likitan ƙwaƙwalwa ya ga mutum kafin a kore shi, ba bayan ya lalace ba. Na biyu 'yan kato da gora na Borno, da suka tashi tun 2013, da mafarauta da 'yan sa-kai da ke shiga gaban sojoji suna nuna hanya. Nakiya ba ta tambayar lambar aiki. Waɗannan ba sa cikin dokar fanshon soja, sai abin da gwamnan jiha ya ga dama ya bayar.

Gyaran nan aikin Majalisar Tarayya ne, domin ƙa'idar wa zai kawo hujja a cikin doka ake rubuta ta, ba a jawabin ranar fareti ba. Kwamitocin tsaro da na sojan ƙasa, a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, duk shekara hafsoshi suna zuwa gabansu kare kasafin kuɗi. A wannan zama ne ya kamata wani ɗan majalisa, musamman daga Borno ko Yobe ko Zamfara, ya nemi a karanta a bainar jama'a: sojoji nawa suka nemi diyyar nakasa a bara, nawa aka ba, nawa aka ƙi kuma a kan wane dalili, nawa ne daga ciki na ciwon tunani, kuma wata nawa fayil ke ɗauka daga ranar da aka shigar da shi zuwa ranar da kuɗi ya shiga asusun mai shi.